Haya da Zaɓin Saye: Riƙon Gidan da Ba Naka Ba

Duk mai son shiga harkar gidaje, abu na farko da ke tare masa hanya shi ne kuɗin shiga. Gida ba a sayensa da canjin aljihu, banki kuma ba ya ba da bashi sai ya ga abin da za ka fara ajiyewa, ya duba tarihinka na biyan bashi, ya tabbatar kana da hanyar samu. Shi ya sa da zarar an ce ga dabarar da mutum zai riƙe gida ya ci ribarsa ba tare da ya saye shi ba, sai ka ga kowa ya gyara zama. Ɗaya daga cikin dabarun da ake tallata wa sababbin shiga a Amurka da Ingila ita ce haya da zaɓin saye. Tana aiki, kuma doka ta yarda da ita a wurare da yawa. Sai dai masu koyar da ita a ɗakunan taro sun fi daɗewa a bakin ƙofar shiga. Ba su cika raka ɗalibi zuwa ƙofar fita ba, alhali a can ne ake yin lissafin gaskiya.

Yarjejeniya biyu ce aka haɗa. Ta farko haya ce irin wadda kowa ya sani: ka zauna ko ka riƙe gida, ka biya kuɗi duk wata. Ta biyu ita ce zaɓin: mai gida ya ɗaure kansa cewa daga yau zuwa rana kaza, in ka ga dama, zai sayar maka da gidan a kan farashin da kuka yanke tun yanzu. A madadin wannan alkawari kana ba shi wani kuɗi a hannu, kuɗin zaɓi. Ya yi kama da kafin alƙalami, amma da bambanci guda: in ka fasa saye, ba ya dawowa. In ka saya, galibi a cire shi daga cikin farashi. A kasuwar Amurka yakan kama daga kashi 1 zuwa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin gidan, ko da yake babu dokar da ta ƙayyade, ciniki ne.

Duk zaƙin abin yana cikin rashin daidaiton nan. Mai gida an ɗaure shi, kai ba a ɗaure ka ba. Gida ya yi tsada, ka saya a tsohon farashi. Gida ya faɗi, ka kaɗe rigarka ka tafi, asararka kuɗin zaɓi kawai. Akwai wata yarjejeniya mai kama da wannan wadda ake yawan rikita su, haya da alkawarin saye, inda ɗan haya ma ya ɗaure kansa cewa dole ya saya. Kalma ɗaya ce ta raba su a takarda, amma a gaban alƙali tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi, domin wanda ya yi alkawarin saye ya kasa, ana iya kai shi ƙara.

To wane mai gida ne zai yarda a ɗaure shi haka? Ruwa ba ya tsami banza. Wanda gidansa ke da masu so, dillali ya kawo masa mai kuɗi a hannu cikin sati biyu, ba zai saurare ka ba. Mai sauraronka shi ne wanda gida ya zame masa kaya. An yi masa canjin wurin aiki ya koma wani gari, yana biyan bashin tsohon gida da hayar sabo. Ko ya gaji gida a garin da ba ya zaune. Ko ya gaji da 'yan haya da kiran waya tsakar dare kan famfo ya fashe. Ko kuma bashin da banki ke binsa a kan gidan ya kai darajar gidan, har ma ya wuce, ta yadda in ya sayar yau sai ya ciko daga aljihunsa. Irin wannan na ƙarshe ne ya yawaita bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008, kuma a lokacin ne dabarar ta yi kasuwa a Ingila. Wani yanayin ya sake buɗe mata hanya daga baya: a 2021 kuɗin ruwa a kan bashin gida na shekara 30 a Amurka ya sauka ƙasa da kashi 3, a 2023 kuma ya haura kashi 7. Masu tsohon bashi mai araha ba sa son rabuwa da shi, masu neman sabo kuma da yawa banki ya juya musu baya.

Ana iya shiga harkar ta fuska fiye da ɗaya. Mutum yana iya zama shi ne ɗan hayar, ya zauna a gidan yana shirin saye. Mai gida yana iya amfani da ita ya sayar da nasa. Wani kuma yana ƙulla yarjejeniyar ne ya sayar wa wani da haƙƙinsa ya karɓi 'yar riba ya fita, in takardar ta ba shi wannan dama. Amma wadda ake kwaɗaita wa sabon shiga ita ce wadda 'yan harkar ke kira sanwici, saboda kai ne abin da ke tsakiya. Ka karɓi gida haya da zaɓin saye daga mai shi, sannan ka juya ka ba wa wani shi haya da zaɓin saye, a kan kuɗi mafi yawa.

Mu buga misali da lambobi, don a ga inda ribar take. A ce kun daidaita da mai gida a kan dala 200,000, zaɓi na shekara biyar, kuɗin zaɓi dala 3,000, haya dala 1,300 a wata. Sai ka samu mai son gidan wanda banki bai yarda da shi ba tukuna, ka ba shi a kan dala 225,000, zaɓi na shekara biyu, ya ba ka dala 8,000 a hannu, haya dala 1,550. Tun ranar farko ka ci dala 5,000. Kowane wata ka ci 250, wato 6,000 a shekara biyu. Ranar da ya saya, bayan an cire kuɗin zaɓin kowa, shi zai biya 217,000, kai za ka biya 197,000, ka tashi da 20,000. Jimla dala 31,000 a kan gidan da sunanka bai taɓa hawa takardarsa ba. Wannan shi ne lissafin da ake rubutawa a allo, kuma babu ƙarya a cikinsa.

Yanzu sai a juya allon. Ribar wata 250 ce, amma nauyin wata 1,300 ne, kuma wannan nauyin ba ya jiran ɗan hayarka. Wata ɗaya gidan ya zauna babu kowa, ribar wata biyar ta tafi har da ɗoriya. Ɗan haya ya daina biya ya ƙi fita, kana biyan mai gida kana biyan lauya har ranar da kotu za ta fitar da shi, kuma a wasu wuraren wannan yana cin watanni. Rufi ya fara yoyo, ɗan haya ya ce ba shi da kuɗin gyara, mai gida ya ce ai kai ka karɓi riƙo. 'Yancin da kake da shi na fasa saye bai shafi hayar ba. Ita ka sa hannu, sai ta ƙare ko ka rubuta wa kanka hanyar fita tun farko. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka maganar da ake yi cewa ana shiga wannan harka babu jari, rabinta ce gaskiya. Ba ka buƙatar kuɗin sayen gida, amma kana buƙatar ajiyar da za ta ɗauki hayar watanni da dama da babban gyara guda. Dala 5,000 ɗin nan ta ranar farko, a ganina, ba riba ba ce tukuna. Ita ce farkon ajiyar, kuma wanda ya kashe ta a satin farko ya ci bashin kansa ne.

Akwai kuma wani na huɗu a wannan ciniki wanda bai zauna a teburin ba, bai sa hannu ba, amma ya fi kowa ƙarfi: bankin da gidan ke jingine a hannunsa. A nan nake so in daɗe, domin a nan ne mutane suka fi faɗawa rami.

Ka ɗauka kana biyan mai gida daidai kowane wata, shi kuma matsi ya sa yana kashe kuɗin a wani wuri, ba ya biyan banki. Ka tuna, tun farko matsinsa ne ya sa ya saurare ka. Ba za ka sani ba sai takardar ƙwace gida ta iso. Bashin banki ya riga zaɓinka shiga rajista, saboda haka in banki ya ƙwace ya yi gwanjo, zaɓinka ya bi ruwa, na ɗan hayarka ma haka, kuma kai zai kama, don kai ya ba kuɗinsa. Maganin wannan sananne ne kuma ba shi da tsada. Kuɗin haya ya riƙa bi ta hannun wani kamfani ko lauya amintacce wanda zai biya banki kai tsaye, ya tura wa mai gida abin da ya rage. Mai gida kuma ya ba ka izini a rubuce na ganin bayanan bashinsa. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya gaya maka abin da kake buƙatar sani game da shi.

Sai kuma sharaɗin da ke cikin kusan kowace takardar bashin gida a Amurka, cewa in aka sayar da gidan ko aka miƙa wani haƙƙi a cikinsa ba da yardar banki ba, banki yana da ikon ya ce a biya shi dukan bashinsa nan take. Dokar tarayya ta Garn-St Germain ta 1982 ce ta tabbatar wa bankuna wannan iko, ta kuma lissafa wuraren da ba za su yi amfani da shi ba. Cikinsu akwai hayar da ba ta wuce shekara uku ba, amma da sharaɗin babu zaɓin saye a cikinta. Ma'ana, haya da zaɓin saye ba ta cikin waɗanda aka kare. Masu koyarwa sukan ce bankuna ba sa damuwa muddin kuɗi na shiga, kuma sau da yawa haka ne. Amma a yi tunani: bankin da ke karɓar kashi 3 a kan tsohon bashi, a lokacin da zai iya ba da kuɗin nan a kan kashi 7, yana da dalilin da zai sa ya buɗe ido. A Ingila ma, mai bashin gidan zama ba ya da ikon ba da shi haya sai da izinin wanda ya ba shi bashin.

Banda banki, akwai sauran masu bin mai gida. Harajin da bai biya ba, hukuncin kotu, rabon dukiya bayan rabuwar aure, duk suna iya hawa kan gidan a cikin shekarun da kake jira. Yana iya rasuwa magada su ce ba su san da kai ba. Yana iya ganin gida ya yi tsada ya sayar wa wani a ɓoye. Abin da ke tsare ka daga yawancin wannan shi ne bincike a ofishin rajistar filaye kafin ka ba da ko sisi, sannan ka shigar da sanarwar zaɓinka a rajista, domin duk mai son saye ko ba da bashi a kan gidan ya tarar da sunanka. Duk wanda sunansa ke kan takardar mallaka sai ya sa hannu, miji ne, mata ce, ko 'yan'uwan da suka yi gado tare. Wani abin lura: shigar da sanarwar nan da ke kare ka, ita ce kuma ke iya sanar da banki abin da ake ciki. Taura biyu ba ta taunuwa. In an tilasta mini zaɓe, rajistar zan ɗauka, in nemi yardar banki a fili.

Mu koma kan mutumin da ke ƙasa, ɗan haya mai fatan saye. Shi ne ya fi kowa rauni a cikin wannan tsari, kuma a kansa ne harkar ta yi baƙin suna. Yana zuwa ne domin banki ya ƙi shi, yana fatan cikin shekara biyu zai gyara tarihinsa. Ya ba da ajiyarsa duka a matsayin kuɗin zaɓi. Sau da yawa yana biyan haya sama da ta kasuwa, bisa alkawarin cewa wani kaso nata za a lissafa masa cikin kuɗin saye. In wa'adi ya cika banki bai yarda da shi ba, duk wannan ya tafi. Akwai masu riƙon gida da suka gane cewa faɗuwar ɗan haya ta fi musu riba: a karɓi kuɗin zaɓi, a jira ya kasa, a fitar da shi, a kawo wani a sake karɓa. Wannan ba saka jari ba ne, tarko ne, kuma shi ya jawo wa harkar dokoki masu tsauri.

A 2005 jihar Tekzas ta Amurka ta gyara dokarta ta kadarori ta sa haya da zaɓin saye na gidan zama da ya wuce kwana 180 a ƙarƙashin ƙa'idoji masu nauyi, ciki har da ƙuntata yin irin wannan ciniki a kan gidan da bashi ke kansa, da hukunci mai tsanani ga wanda ya saɓa. Wannan kusan ya rufe ƙofar sanwici na dogon wa'adi a jihar. Jihar Karolina ta Arewa ta yi tata dokar a 2010, wadda ta wajabta shigar da yarjejeniyar a rajista, ta kuma ba ɗan haya 'yan kwanaki da zai iya janyewa bayan sa hannu. Darasin ga sabon shiga shi ne takardar da ka sauko da ita daga intanet, wadda aka rubuta don wata jiha ko wata ƙasa, tana iya zama laifi a inda kake. Kuɗin lauyan da ya san dokar gidaje ta wurin yana cikin jarin farko.

Kotuna ma suna da nasu ma'aunin. In alƙali ya ga kuɗin zaɓi mai yawa, wa'adi mai tsawo, kaso babba na haya ana tara wa ɗan haya, gyara da haraji duk an ɗora masa, yana iya cewa wannan sayarwa ce aka sa mata rigar haya. In ya faɗi haka, ɗan hayar ya zama mai haƙƙi a gidan, ba za a fitar da shi ta gajeriyar hanyar korar ɗan haya ba, sai an bi doguwar hanyar ƙwace gida. Shi ya sa gogaggu ke raba takardar haya da ta zaɓi, kowace da kanta. Haka kuma wanda ke haɗa mai gida da mai saye ya karɓi kuɗi ya fita, ba tare da ya ɗauki wani nauyi na gaske ba, yana iya faɗawa cikin laifin dillanci babu lasisi.

Mai karatu Musulmi zai tambayi matsayin kuɗin da ba ya dawowa. Tsohuwar mas'ala ce, ta cinikin urbun, wato kafin alƙalamin da mai sayarwa ke riƙewa in mai saye ya fasa: mazhabar Hanbaliyya ta halatta, sauran ukun sun hana, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuma ta amince da shi a 1993 in an ƙayyade lokacin jira. Bankunan Musulunci suna da nasu tsarin na hayar da ke ƙarewa da mallaka, inda su ma suke raba hayar da alkawarin sayarwa. Wanda abin ya dama ya kai wa malami takardar kanta, ba sunan cinikin kawai ba.

Manyan masu kuɗi ma sun shigo wannan fage. A 2021 kamfanin Blackstone ya sayi Home Partners of America, wanda sana'arsa a lokacin ita ce ba da gidaje haya da damar saye, a kan dala biliyan 6. Amma a lura da yadda irin waɗannan kamfanoni ke yi: suna sayen gidan tukuna, ya zama nasu, sannan su ba da haya. Ba sa sayar da alkawari a kan gidan wani. Sabon shiga da ke tsakiyar sanwici yana ɗaukar haɗarin da masu biliyoyi suka kauce wa.

In da zan ba wanda zai fara shawara, zan ce ya fara neman mai saye na gaske kafin ya yi murna da samun gida. Ya zaunar da shi gaban ma'aikacin da ke shirya wa mutane bashin gida, a duba a gaya masa ƙarara abin da ya hana shi samu yau, da ko zai gyaru cikin wa'adin. Wanda matsalarsa ita ce bai daɗe da fara sana'ar kansa ba, lokaci zai warkar da ita. Wanda samunsa bai kai ya ɗauki bashin ba, shekara biyu ba za ta canza komai ba, kuma karɓar kuɗinsa zalunci ne. Kason hayar da ake tara masa ma sai an yi hattara: ƙa'idar Fannie Mae, babban kamfanin da ke sayen basussukan gidaje daga bankunan Amurka, ita ce abin da za a lissafa masa shi ne abin da ya biya sama da hayar kasuwa kamar yadda mai ƙiyasin darajar gida ya tantance, ba duk abin da kuka rubuta tsakaninku ba. Farashin kuma kada ya zama na mafarki. In ka rubuta 225,000 mai ƙiyasi ya ce gidan 210,000 ne, banki a kan ƙaramin zai ba da bashi, ciniki ya tsaya sai wani ya sauko ko wani ya ciko. Wa'adinka da mai gida kuma dole ya fi na ɗan hayarka tsawo sosai, domin in na farko ya kasa ka samu sararin gwada na biyu.

Sai ranar sayarwa, wadda ya kamata a tsara ta tun kafin a miƙa makulli. Ɗan hayarka ya samu bashi, amma bankinsa zai tambaya: wa ke sayarwa? Sunan da ke rajista na mai gida ne, ba naka ba. Hukumar inshorar bashin gidaje ta gwamnatin Amurka, wadda masu ƙaramin ƙarfi suka fi dogara da ita, ba ta yarda sai mai sayarwa ya zama shi ne mai gidan a rajista, kuma ba ta lamunce wa cinikin gidan da mai shi bai wuce kwana 90 da sayensa ba. Wato ba za ka saya da safe ka sayar da rana ba in da irin wannan bashin mai sayenka ya zo. Hanyar da aka saba bi ita ce ka janye daga tsakiya, mai gida ya sayar wa ɗan hayar kai tsaye, kai kuma a biya ka rabonka a wurin rufe cinikin a matsayin kuɗin sakin zaɓinka. Wannan yana yiwuwa ne kawai in mai gida ya amince da shi a rubuce tun ranar farko, lokacin da yake buƙatarka. Bayan shekara biyu, da ya ga gidansa zai tafi a kan 225,000 shi kuma 200,000 zai karɓa, sa hannun nan zai yi wuyar samu.